'Yar Bori a Kudai

Rakiya ba ta cika shekara goma ba sa'ad da uwarta Mairama ta riƙo hannunta daga wani ƙauye na ƙasar Maraɗi suka zo aikin Hajji. Alhazai suka gama suka koma gida, su kuwa suka laɓe a unguwar Misfala ta Makka, a wani ɗaki na kan dutse wanda sai ka huta sau biyu kafin ka kai ƙofarsa. Ba talauci kaɗai Mairama ta gudo wa ba. 'Yar bori ce, ta gaji abin a wurin kakarta, kuma a ƙauyensu an fara wa'azi da lasifika ana kiran sunan gidansu. Ta ce gara ta zo ta mutu kusa da Ɗakin Allah, in da laifi a kanta Shi ya fi kowa sani. A ƙasan akwatinta akwai farin saƙi da ɗan ƙoƙon nono na Inna, iskar da ke hawa kanta tun tana budurwa.

Abu ɗaya ta yi ta nanata wa 'yarta har ta koma ga Mahaliccinta. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Rakiya. A garin nan in aka ce da mutum mai sihiri, ana iya kai shi inda ba ya dawowa. Ki yi sallarki, ki kama bakinki."

Bayan rasuwar tsohuwar da ɗan lokaci, hannun Rakiya na dama ya ƙage. Ba ta da iƙama, takardar zama a ƙasar, balle ta je asibiti kanta tsaye. Aka yi mata tofi, aka sha zamzam, aka shafa man habbatussauda, hannu na nan kamar icce. Wata tsohuwa Bagobira da ta san uwarta ta dube ta ta ce, "Yarinya, Inna ce ke neman mazauni." A rufaffen ɗaki aka yi mata girkar bori, ba garaya ba guɗa, sai raɗa. Hannu ya sake. Tun daga ranar Rakiya ba ta ƙara shakkar abin da ta gada ba.

Ta auri Munzali, mutumin Tibiri, ɗan dako mai sanyin hali da ke samun na shekara a tantunan Mina lokacin Hajji. Kafin a ɗaura aure ta gaya masa komai. Ya yi murmushi ya ce kakansa ma makaɗin garaya ne, ba baƙon abin ba ne shi. Suka haifi Nasrullahi, sannan Nasiha. Da aka rushe unguwarsu ta kan dutse don gina manyan masaukai, suka koma unguwar Kudai, suka kama ɗaki biyu a benen wani Bahaushe haifaffen Makka mai takardar ƙasa. Rakiya ta kafa tukunyarta a bayan tashar motoci, tana sayar wa alhazan Najeriya da Nijar tuwo da miyar kuka, mutanen da shinkafar Larabawa ta ginshe su.

Kowace Alhamis bayan la'asar takan rufe tagogi, ta kunna turare, ta zuba nono a ƙoƙon nan, ta yafa saƙin. Munzali ya kunna kiɗan garaya a waya, ƙasa-ƙasa yadda ba zai haura bango ba, yaran suna zaune suna kallo. Wani lokaci Inna ta zo, wani lokaci ba ta zo ba. In an kira magariba a naɗe kaya, a yi alwala. Rakiya ba ta taɓa ganin saɓani a ciki ba. Allah ne ya halicci mutum ya halicci iska, ita kuwa maƙwabciya aka ba ta, tana ba ta haƙƙinta. Azumi bai taɓa wuce ta ba, kuma ta yi ɗawafin da ita kanta ba ta san iyakarsa ba.

Sirri a gidan haya kamar hayaƙi ne. Matan benen sun sani, amma sanin da ba a faɗa. Wadda mijinta ya juya mata baya, wadda ciki ke zube mata, wadda ɗanta ke firgita cikin barci, duk sukan sulalo da rana tsaka lokacin da maza ba sa nan, da sunan aron daddawa. Rakiya ta ba da saiwa ko turare, ta faɗi abin da za a yi. Gobe in sun haɗu a matakala su gaisa kamar ba a yi ba.

Ana nan sai Nuf, 'yar mai benen, ƙawar Nasiha tun suna ƙanana, ta kamu da wani ciwo. Takan faɗi ta sandare, ta farka ba ta san inda take ba. An kai ta asibitoci, an kira masu ruƙiyya. Uwarta Nadiya, wadda ake kira Ummu Nuf, mace ce mai ji da kanta, Hausarta ma rabi Larabci ce. Ita ce ta sauko wata rana ta durƙusa a tabarmar Rakiya tana kuka.

"Ya Rakiya, ki rufa min asiri. Kar Abu Nuf ya ji, wallahi sakina zai yi."

Rakiya ta yi abin da ta iya. Makonni tana hawa sama da turare a cikin kwanon abinci, a ce tuwo ta kai. Ko maganin asibiti ne ya kama, ko na Rakiya, Allah kaɗai ya sani. Nuf dai ta miƙe.

Ummu Nuf ta yi walimar godiya. Aka cika falonta da mata, ga shinkafa da rago, ga gahawa da dabino. Ta tashi ta yaba wa shehin da ya yi wa 'yarta ruƙiyya. Daga nan hira ta gangara kan masu bori. Wata ta ce ai har a Makka ana samunsu, Allah ya tsine musu. Wata ta ce ko gawarsu bai kamata a sallata ba. Rakiya tana gefen ƙofa tana kallon masu maganar, kusan duk sun taɓa zama a tabarmarta. Ta dubi Ummu Nuf ko za ta kawar da zancen. Sai ta ji ta ce, "Allah ya nisanta mu da ƙazanta irin wannan."

Wata baƙuwa da ba ta daɗe da tarewa a benen ba ta juyo wurin Rakiya ta ce, "Ni kam Ummu Nasru, wane irin turare ne ke fita daga ɗakinki ranar Alhamis? Har da kamar kiɗa."

Da Rakiya ta ce turaren tsuguno ne, da an yi dariya an wuce. Shekara arba'in tana ba da irin wannan amsa. Amma ta hango Nasiha tsaye da farantin kofuna, kanta a sunkuye, tana jin ana tsine wa uwarta da kakarta, kuma an koya mata ta ce amin.

"Turaren Inna ne," in ji Rakiya, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ni 'yar bori ce, uwata ma haka. Ina salla ina azumi kamar kowa. Ban taɓa cutar da ɗan kowa ba. Wadda na cuta a ɗakin nan ta faɗa."

Rakiya ba ta kira sunan kowa ba, ba ta ko kalli inda Nuf take ba. Ta ɗauki mayafinta, Nasiha ta ajiye faranti ta bi bayanta.

Munzali ya saurari labarin yana zaune a bakin katifa. Da ta gama ya ce, "Kin ɗebo da zafi, Rakiya."

"Na sani, Malam. Na gaji ne."

Washegari bayan azahar maza suka tare shi a ƙofar masallacin unguwa. Suka ba shi hanya mai sauƙi: ya ce matarsa taɓin hankali gare ta, ko ya ce bai san tana yi ba, a kai ta a yi mata ruƙiyya ta tuba a gaban jama'a, magana ta mutu. Munzali da ba a taɓa jin ya yi musu da kowa ba ya ce, "Lafiyarta lau. Na san abin da take yi tun kafin in aure ta, ni ke kunna mata kiɗan. In laifi ne, gidana duka ne."

Ba a kai ƙararsu ga hukuma ba, kuma Rakiya ta san dalili. In aka titsiye ta da tambaya, sunayen matan mutane za su fito. Sai aka yi musu abin da ba ya buƙatar takarda. Gaisuwa ta ɗauke. Matan da ke aiko yara sayen tuwo suka daina. In ta shanya kaya a soro, sai ta tarar an janye na kusa da nata. Rabe, shugaban 'yan dakon da Munzali ke bi zuwa Mina shekara da shekaru, ya ce bana mutane sun cika. Nuf ta toshe lambar Nasiha. Maigidan ya aiko cewa yana buƙatar ɗakunansa ƙarshen wata, zai yi gyara.

Duk wannan Rakiya ta shanye. Wanda ya karya ta Nasrullahi ne. Saurayi ne mai karatu, yana zama a halkar malamai, har yakan ja salla in liman bai zo ba. Ya girma yana ganin ƙoƙon nan, bai taɓa cewa uffan ba sai dai ya fice in Alhamis ta yi. Yanzu abokansa sun ji. Ya shigo ya tsaya a tsakar ɗaki, yana magana da Larabci don Hausa ba ta isarsa in ransa ya ɓaci, daga baya ya juyo da harshen uwarsa.

"Ummi, shirka ce. Na yi shiru ne don ina fatan ki bari. Ki ba ni kayan nan in ƙone, mu je ki yi shahada a gaban shehi."

"Shahada ta nawa, Nasru? Wa ya koya maka ta farko?"

"To me ya sa kika faɗa? Da kin yi shiru, da ba wanda ya kalle ni."

"Ashe ba shirkar ce ta dame ka ba, kallon ne."

Ya tattara littattafansa a jaka ya koma wurin wani abokinsa. Da Nasiha ta riƙe masa riga, ya ce ta zaɓa, ko shi ko su. Ta saki rigar.

Suka koma wani ɗaki guda a can ƙarshen Kudai, cikin mutanen da ba Hausawa ba. Rakiya ta ci gaba da zuwa bayan tasha, don ba ta da wata sana'ar. A wurin nan mata marasa takarda suna da al'adarsu: duk wadda ta fara hango motar masu binciken iƙama takan kira na kusa da ita, magana ta zagaya, kafin mota ta tsaya kowa ta watse. Rakiya ta sha tsirar da wasu haka, wasu sun sha tsirar da ita. Wata safiya tana tuƙa tuwo ta ɗaga kai ta ga layin ya yi fayau, tukwane a kan wuta ba masu su. Wayarta tana cikin ɗaurin zanenta, ba ta yi ƙara ba. Matar da ke kusa da ita ta wuce ta gabanta da gudu ba ta ko tofa mata ba.

Ba wanda ya tambaye ta zancen bori. Takarda aka tambaya, ba ta da ita. Aka kai ta gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Munzali da Nasiha ba su isa su leƙo ba, su ma kama su za a yi. Nasrullahi ya aiko mata da saƙo ta waya cewa yana yi mata addu'ar shiriya. Ta saurara har ƙarshe, ta sake saurara don ta ji muryarsa.

Jirgi ya sauke ta a Yamai da doguwar baƙar abaya da takalmin roba. Ta bi mota zuwa Maraɗi, ta nemi ƙauyen da ta bari tana yarinya. Gidan kakarta ya zama shagon cajin waya. 'Yan uwan da suka rage suka karɓe ta da murna, Hajiya ta dawo daga Makka, suna leƙen bayanta ko kaya na tafe. Da suka ga ba dabino ba zamzam, murnar ta ragu. Da ta tambayi ko akwai sauran masu garaya a garin, matar ɗan kawunta ta rufe mata baki da tafin hannu.

"Rufa mana asiri, Hajiya. Mu nan mun bar wannan tuni. Ke da kika fito daga ƙasa mai tsarki?"

Yanzu tana zaune a wani ɗaki a bayan kasuwar Maraɗi, tana soya ƙosai da safe. Yara suna dariyar Hausarta don tana cewa halas da yalla irin na Larabawa. Zafin garin bai dame ta ba, ta saba da wanda ya fi shi. Munzali yana can Makka yana dako a kasuwar kayan lambu, ƙafa ta fara ba shi wahala. Yana cewa zai miƙa kansa ga hukuma a kawo shi gida, amma ba zai bar Nasiha ita kaɗai ba, ita kuwa Nasiha ba ta san wata ƙasa ba sai wadda ba ta yarda ita tata ce ba. Manema biyu sun fito mata, duk sun janye da suka bincika asali.

Ranar Juma'a sukan yi waya. Sau ɗaya Nasiha ta tambaye ta, "Ummi, kin yi nadama?"



"Ban yi ƙarya ba, ban kuma tona asirin kowa ba," in ji Rakiya. "Amma da na san ke za ki biya, ban sani ba, Nasiha. Wallahi ban sani ba."

Daga nan ta tambayi ƙafar babanta, ta ce a riƙa gasa masa ita da ruwan zafi. Nasiha ta ce Nuf ta yi aure makon jiya, an yi biki babba, har daga Jidda an zo. Rakiya ta ce Allah ya ba da zaman lafiya, ta ajiye wayar, ta koma wanke waken gobe.