Haladu Sarkin Gangara da Gaisuwar Suruki

Duk wanda ya zauna Ikara a zamanin soja ya ga wannan abin da idonsa: mutum da keke suna tafe, amma keken ne a kan mutumin. To, Haladu ke nan, taubashina, Allah ya jiƙansa. In ya iso inda ƙaya take ko tsakuwa mai kaifi, sai ya sauka, ya cicciɓi keken ya saɓa a kafaɗa, ya ratsa da ƙafa. Ran nan na gamu da shi a hanyar Saulawa yana ɗingishi, jini a diddige, keke a wuya.

Na ce, "Kai bawana, tsakanin kai da ƙarfen nan wa ya sayi wani?"

Ya ce, "Idi, ƙafa tana warkewa da kanta. Ka taɓa ganin tayar da ta warke?"

Yana da hujjarsa, ba zan cuce shi ba. Lokacin ne aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. An sallame shi daga aikin masinja, ya koma gindin darbejiya yana facin keke, ga taya da tib sun yi ɓatan dabo a kasuwa. Abin da ke ba ni haushi shi ne, wannan mai tattalin taya shi ne kuma zai hau da keken can ƙolin dutsen bayan Saulawa, ya sako shi ƙasa a guje ta cikin duwatsu da kwazazzabai. In ka yi magana ya ce ai don wannan ranar yake lallaɓa ta.

Shi ya kafa kulob ɗinmu na 'Yan Gangara. Mu manoma ne da masu dakon rake daga Makarfi, sai Malam Yohanna, malamin firamare mutumin kudancin Kaduna, wanda muka naɗa alƙali saboda shi kaɗai ke da usur. Ran Asabar muke yi, don kada a shiga Juma'ar wani ko Lahadin wani. Hular kwanonmu ƙwarya ce da aka cusa wa auduga. Birki kuwa, daga takalmin taya muke yanko shi, shi ya sa rabin kulob ke yawo da takalmi guntu.

Da yake an hana taro a lokacin, wata rana aka turo ɗan sanda ya duba ko siyasa muke ƙullawa. Ya tsaya yana kallo muna zubowa ɗaya bayan ɗaya cikin sarƙaƙiya. Haladu ya fito da ƙaya a gemu, ya ce, "Yallaɓai, ko za a gwada?" Mutumin ya gyara hularsa ya ce zai je ya shaida wa na sama cewa ba mu da haɗari ga kowa sai kanmu.

Sai shekarar da tib ɗinsa ya mutu murus, faci a kan faci har ba wurin sa wani. Na ce ya haƙura da tseren bana. Haƙuri? Haladu? Ya je inda ake matse rake, ya kwaso ɓawon, ya cusa cikin taya da taɓarya har ta yi tauri. Ya jingine keken a zaure ya kwana. Bai tuna da zaƙi ba, amma cinnaka sun tuna. Yana tsakiyar gangara suka fito ta cikin wando. Jama'a, ban taɓa ganin mutum yana tuƙi yana rawa yana salati lokaci guda ba sai ranar! Da ya iso ƙasa yana sosa ko'ina, na ce, "Yaya sabuwar fasaha?"

Ya ce, "Tayar ta sace?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To rufe min baki."

Amma babban ciwonsa mutanen Hunkuyi. Duk shekara bayan kaka sukan zo mu kara, wanda ya ci ya tafi da wata tsohuwar butar ƙarfe da aka shafa wa fenti ruwan zinariya. Suna da wani Sale Dogo, ƙafafu kamar na zalɓe, kullum shi ke tafiya da butar. Kuma wallahi Haladu ya fi shi iya gangara. Abin da ke kayar da shi daban ne.

Surukinsa, Baba Tanimu, mahaifin matarsa Ladi, tsoho ne mai son kallo. Wata shekara ya zo ya tsaya a gindin ɗorawar da ke tsakiyar gangaren. Haladu na gaba, ya ba Sale rata mai kyau, mu har mun fara ihu. Yana shan kwana ya yi ido biyu da Baba. Sai ƙiiii! Ya danne birki, ya dira, ya cire ƙwarya, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya mutanen gida? Yaya aka ji da aikin kaka?"

Baba kuwa ba ya gaggawa. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Ladi, ya tambayi yara, har akuyar da ta haihu sai da ya tambaya. Sale ya wuce. Mutanen Makarfi suka wuce. Ni da nake na ƙarshe tun da aka kafa kulob, na wuce ina ɗaga masa hannu.

Da na tsare shi da masifa, cewa ya yi, "So kake in wuce surukina ina bisa sirdi? Kai a gidanku haka aka koya maka?" Gidanmu kuwa gidan kawunsa ne.

'Yan Hunkuyi ba wawaye ba ne. Da shekara ta zagayo, su da kansu suka je har gida suka ɗauko Baba, suka shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawar nan, ga goro, ga fura. Tsoho ya ji daɗi, yana ta sa musu albarka. Abin da ya faru bara ya sake faruwa, har da ƙarin tambayar ciwon gwiwa.

Nan fa magana ta ɓaci. 'Yan Hunkuyi suka ce sun gaji da wahalar zuwa, in suka sake ci, tsere ya koma wajensu ke nan, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. 'Yan Makarfi suka ce in haka ta faru sun bar kulob, don su kullum a shimfiɗaɗɗiyar hanya suke da rake. Haladu ya rame. An raba shi da aiki bai damu haka ba, amma dutsen nan shi ne abu ɗaya da ya rage wanda ake kiran sunansa a kai.

Na ce, "A roƙi Baba ya zauna a gida mana."

Ya ce, "In hana shi kallo? Mutumin da lokacin da aka kore ni aiki ya aiko min da dawa bai tambaye ni komai ba?"

Labari ya kai kunnen Baba, ya kira shi ya ce, "Haladu, na yafe maka. In ka gan ni ka wuce abinka."

Ya ce, "To Baba." Muna fitowa zaure ya ce min, "Shi ya yafe. Ni da wane ido zan sake shiga gidan nan?"

Ana saura kwanaki tsere sai Haladu ya je wajen Malam Yohanna ya ce, tunda kowa ya yarda Baba dattijon kulob ne, bai kamata a bar shi a tsakiyar dutse ba. A sa masa kujera a ƙasa, daidai layin ƙarshe, shi zai miƙa buta. Malam ya sanar a gaban kowa. 'Yan Hunkuyi suka kalli juna. Su suka fara girmama tsohon, ba bakin cewa a'a.

Ran tsere na tarar da Haladu a ƙolin dutse yana zufa tun ba a fara ba. Na ce, "Tsoro?"

Ya ce, "Idi, da gangan na zagayo ta bayan gari don kada mu haɗu da Baba. Tun safe ban gaishe shi ba. Ga shi can a zaune, rana ta ɗaga, yana jirana."

Usur na tashi Haladu ya ɓace. Wallahi bai taɓa birki ba. Ya tsallake kwazazzabon da kowa ke zagayewa, ƙwarya ta yi nata wuri, Sale Dogo sai ƙura ya sha. Muna ta kururuwa, sai kuma muka tuna a wannan gudun ba birkin takalmin da zai tsayar da shi, kuma kujerar Baba na nan dab da layi. Zai ci tsere, amma zai wuce surukinsa a kan keke.

Yana taka layi ya saki kan keken ya yi tsalle. Keke ya yi gaba shi kaɗai cikin gonar rake. Shi kuwa ya yi ta mirginawa har gaban kujera, ya tattara kansa ya durƙusa, hannun hagu na lilo, fuska duk ƙasa.

"Baba, ina kwana? A yi haƙuri, na makara."

'Yan Hunkuyi suka yi caa, wai bai gama a kan keke ba. Malam Yohanna ya ce keke ya ƙetare layi, mai keke ya ƙetare, ba dokar da ta ce sai sun ci gaba tare. Baba bai ko ji su ba. Ya ajiye butar a ƙasa, ya dafa kan Haladu yana hawaye, ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Tashi a ɗaure maka hannu." Bai tashi ba sai da ya tambayi mutanen gida.

Tsere ya zauna a dutsenmu. Hannun kuwa ya ɗoru a karkace, bai sake shiga gasa ba, sai dai ya tsaya a ƙasa yana zagin birkin kowa. Ranar da ya rasu ina cikin masu yi masa wanka. Da na zo kan karkataccen hannun nan dariya ta ƙwace min, kafin in ankara kuka nake, har sai da liman ya karɓe ni.

Ya Allah, bawan nan naka bai taɓa wuce babba bai rusuna ba. Ga shi ya iso gare ka. Ka karɓe shi da rahama, ka yafe masa kurakuransa, ka sanyaya masa makwanci, shi da Baba Tanimu. Amin.