Ranar da muka zura Shef a rijiyar Attantané

Har gobe ban manta da ranar da muka zura sabon shugabanmu cikin rijiya ba. Lokacin ni ne babba a ekip ɗinmu, wato ƙungiyar masu yasar rijiyoyi, a yankin Mayahi, mu biyar. Ga waɗanda ba su san aikin ba: mutum guda ke sauka ya kwashe laka, sauran su riƙe igiya. Na biyar ɗinmu Tanko ne, kafaɗarsa ta goce tun tuni, ba ya ja. Waƙa kawai yake ba mu, mu ja tare a kan amshi.

Sai aka kawo mana Shef, yaro mai kirki amma ga iyayi. Ya yi kwas a Najeriya, ya dawo da kalma guda a baki: sikwad. Wai a Turancin Ingilishi haka ake kiran ƴan tsirarun sojoji, da ƴan ƙwallo, har da abokan yawo.

"Baba Sale," in ji shi, "sikwad ba ta ɗaukar ɗan rakiya. Ƙarshen wata Tanko ya tafi gida."

Raina ya ɓaci ƙwarai, Tanko na da ƴaƴa bakwai. Amma na yi murmushi na ce, "To, Shef. Sai dai shugaban sikwad ai yakan duba filin daga da idonsa."

Ya hau kai! A Attantané, da rani, muka ɗaura masa igiya a ƙugu muka zura shi. Na ce wa Tanko ya koma inuwa ya yi shiru. Da Shef ya ce a fito da shi, kowa ya ja yadda ya ga dama. Wannan ya fizga, wancan ya saki. Ba mu bari ya faɗi ba, Allah ya sani, amma ya gaisa da bangon rijiyar nan ta kowane gefe.

"Baba Sale! Mene ne haka?"

Na leƙa na ce, "Sikwad ce ke aiki, Shef. Babu ɗan rakiya."

Can muka ji murya daga ƙasa, a sanyaye: "Don Allah ku kira Tanko."

Tanko ya taso yana hamma, ya ɗauko waƙa, Shef ya fito sumul, laka har cikin kunne. Maganar kora ba ta sake tashi ba.

Ku yaran yanzu, ku kira kanku ekip ko sikwad, duk ɗaya ne. Amma kafin ku ce wani ba shi da amfani, ku sauka ƙasa ku ji yadda igiya ke tafiya in ba ya nan.