Gaisuwar da Na Kai wa Ɗan Hayata

Gidan da na saya a unguwar Small Heath ta Birmingham, da tsohon ɗan hayarsa a ciki na saye shi. Bature ne da ya haura tamanin, yana ciki tun ban san zan zo ƙasar nan ba. Hayarsa irin ta dā ce da doka ta ƙayyade: ba a tashinsa, ba a ƙara masa ko sisi sai jami'in haya na gwamnati ya amince, shi ma sau ɗaya a shekara biyu. Dillali ya yi mini bayani, na gyaɗa kai kamar na gane. Arhar gidan ce ta rufe mini ido.

Ni likita ce a Manchester, a Rusholme nake zaune. Da abin da nake biyan banki ya hau, sai na kira yayana da ke Birmingham na ce zan cike takardar neman ƙari.

"Haba," in ji shi, "dattijon da ya isa ya haife ki za ki jefa wa form ta ƙarƙashin ƙofa? Ki zo mu je mu gaishe shi, magana ta fito da kanta."

Na ji kunya, don haka aka rene mu. Muka je ranar Asabar, Yaya cikin babbar riga, ni da kwanon farfesu. Ba mu sanar ba, wa ke neman izinin zuwa gaisuwa? A bakin ƙofa muka tambayi lafiyarsa, da sanyi, da ko har yanzu yana iya hawa bene. Yaya ya ce rayuwa ta yi tsada, ya yi shiru don tsohon ya ɗauki zancen. Bai ɗauka ba. Sau uku muna zuwa, ni kuwa ina ta yaba wa kaina ladabi.

Sai ga wasiƙa daga 'yarsa. Ta ce ina zuwa da wani ƙato ba sanarwa, ina matsa wa mahaifinta ya tashi, kuma ta kai ƙarata wurin hukumar gari. A cikin bas a Oxford Road na karanta. Har na wuce inda zan sauka ban sani ba.

Lauyar da na gani ba ta tausasa mini ba. Ta ce takura wa ɗan haya laifi ne, idan aka kai ni kotu dole in sanar da hukumar likitoci, kuma lasisina na iya tafiya. Na ce gaisuwa ce fa. Ta ce in daina gaisuwar.

Tsoron da na ji a makonnin nan, ban taɓa jin irinsa ba. Duk wasiƙar da ta faɗo ta ƙofa sai in ɗauka daga kotu take. Ina auna jinin marar lafiya, ina tunanin ko watan gobe za a bar ni in taɓa wani. Na sauke wa Yaya fushina a waya, ya ce, "Wallahi ni mutunci na nufa." Na sani, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

A ƙarshe na cike takardar neman ƙarin da muka raina, rabin sa'a ta ɗauke ni. Jami'ar haya ta sa ranar da za mu haɗu a gidan, ranar na fara shiga falonsa. Kwalaye ne jibge har taga, an ɗaure, an rubuta abin da ke ciki. An sauke hotunan bango, sai shatinsu. Ashe tun zuwanmu na farko ya fara haɗa kaya, ranar da na tambaye shi ko yana iya hawa bene.

Jami'ar ta ce za ta aiko da sabon kuɗin a rubuce, ta nanata masa cewa ba mai ikon tashinsa. Bai ko dube ta ba, ni yake kallo. Ya ce da ni, a hankali, idan ya sa 'yarsa ta janye ƙarar, zan bar shi ya mutu a ɗakinsa?

Abin da na yi makonni ina roƙon Allah ke nan, a janye. An kuwa janye, lasisina yana nan. Amma ranar ban iya cewa na gode ba. Na ce masa gidansa ne, na tambayi ko zan taya shi kwance kwalayen. Ya ce a'a, a bar su tukuna.