Sun hana Yaya Ilyasu bindiga, suka sa shi gaba

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka binne yayana Ilyasu a Djougou, kuma har yau in na ga mai kaki da bindiga a kafaɗa sai na ji bakina ya yi ɗaci. Ban yi niyyar rubuta komai bana ba. Wani shirin rediyo ne ya tsokano ni, ina zaune a shagona na atamfa a Parakou. Wai a wata ƙasa mai nisa ana gardama ko ya dace a ɗauki wanda ba ɗan ƙasa ba aikin ɗan sanda, har a damƙa masa bindiga. Masu bugo waya suka yi ta kumfar baki, wani har da cewa ba wa baƙo bindiga sayar da ƙasa ne. Na kashe rediyon, don a cikinsu babu wanda ya tsaya ya tambaya wane ne baƙon.

Kakannin kakanninmu fataken goro ne. Sun sauke kaya a Djougou, ba su sake ɗauka ba. Babanmu a nan aka haife shi, haka ma ubansa. Inna kaɗai aka auro daga Gaya, can ƙetaren kogi, cikin Nijar. Da cikinta na fari ya tsufa sai aka yi abin da kowane gidan mutunci yake yi, aka mayar da ita wajen iyayenta goyon ciki. Ta haihu a can, ta yi wankanta, bayan arba'in aka dawo da ita da jariri. Iyakar zaman Yaya Ilyasu a Nijar ke nan. Mu da muka biyo bayansa duk a Djougou aka yanke mana cibi.

Tun yana lakwal, wato makaranta, ba shi da zance sai na kaki. Ya zo Parakou neman aikin ɗan sanda, ya yi gudun da aka sa masu nema, ya rubuta jarrabawa, ya ci. Da aka zo wajen tantance ɗan ƙasa, wani ma'aikaci ya dubi wurin haihuwarsa ya ce, "Gaya? To me kake nema a nan?" Aka ce ya kawo shaidar uba. Baba kuwa, kamar yawancin sa'o'insa, ba shi da wata shaida sai sanin da gari ya yi masa. Yaya ya hau mota ya tafi Gaya, can kuma suka ce ai shi ɗan Benin ne. Haka aka yi ta wasa da hankalinsa har shekarun ɗauka suka wuce shi. Ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya, katina na ɗan ƙasa yana cikin jakata, ban sha wahalar komai ba.

Sai ya koma gadin kasuwar Partago, da kulki da usur. Yana jin Dendi da Yom da Fulatanci, don haka duk lokacin da rigima ta tashi masu kaki shi suke aika wa. A nan baƙuntarsa ba ta damun kowa. Ya yi tafinta, ya raba faɗa, ya raka su ruga. Wata rana aka kore shanu wajen Pélébina, masu kakin suka zo da rana tsaka suka ɗauke shi daga kasuwa. Wanda yake wurin ya faɗa mana cewa da suka isa bakin daji babbansu ya ce, "Ilyasu, kai ka san hanya, wuce gaba." Ya wuce da kulkinsa, su suna biye da bindigoginsu. Harsashin ɓarayin na farko shi ya samu.

Sun zo ta'aziyya, ba zan yi musu ƙarya ba. Ɗayansu ya cire hula ya ce marigayi ya yi wa ƙasa hidima. Wace ƙasar? Wadda ta ce ba ta san shi ba? Wallahi ba don maƙwabciyarmu ta danne mini gwiwa ba, da ranar na zubar da mutuncin zaman makoki. Tir da wannan hali. Ba ka yarda da mutum ya riƙe bindiga ba, amma ka yarda ya tare maka harsashi, sannan ka zo kana cire hula a ƙofar gidan uwarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, na san da Yaya yana raye ya ji shirin nan, bayan masu bugo wayar zai bi. Shi mutum ne mai girmama doka har abin ya yi yawa. In na fara masifa sai ya yi dariya ya ce, "Habi, bindiga ba ludayi ba ce, dole a san hannun da za a ba." Ni ma ban ce a tare duk wanda ya sauka a tasha jiya a rataya masa makami ba. Wanda zai tsayar da kai a hanya ya kamata ya zama yana da wanda zai ji kunya a garin, yana da kabarin da yake ziyarta. To Yaya fa? Duka yana da su. In doka ta ce sai ɗan ƙasa, a bar ta, amma a buɗe ido a gane ɗan ƙasar. In kuma an nace baƙo ne, a bar shi ya yi gadinsa a kasuwa, kada a sa shi gaba.

Ɗa ɗaya ya bari, Mustafa. Ni na riƙe shi a gidana na unguwar Ladjifarani, kuma katinsa da ƙyar da jiɓin goshi muka samo. Bara muka yi masa auren zumunci da Nana, jikar ƙanwar Inna, daga Gaya. Ciki ya tsufa, sai ga gwaggonta ta iso da jakarta, ta zo tafiya da yarinya goyon ciki. Na ga wani jaririn za a dawo mana da shi bayan arba'in, ya girma a Parakou, wata rana wani ya dube shi ya ce me yake nema a nan. Na ce a bar ta ta haihu a nan, ni zan yi mata wankan. Gwaggon ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Haihuwar fari a gidan miji? Sai ka ce ba ta da kowa? Hajiya Habi, me za a ce da mu a gari?" Gaskiyarta ce, abin kunya ne a wajensu, kuma ni ba ni da hurumin hanawa.

Inna tana zaune a kan tabarmarta, yanzu a wajena take, idonta ya yi rauni. Yaya ɗanta ne na fari, saboda haka tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko "yayanku". Ko ranar da aka kawo gawarsa ba ta ambace shi ba, hawayenta ma a ɗaka ta yi su. Na ɗauka ita za ta fara goyon bayan al'ada, tunda danginta ne suka aiko. Sai ta ajiye carbinta ta ce, "Yarinyar nan ba za ta ƙetare ba." Gwaggon ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta ɗaga mata hannu. "Ni na ƙetare da Ilyasu," in ji ta.

Gwaggon ta koma ita kaɗai, har yau mutanen Gaya ba sa amsa gaisuwata, ko oho. Nana ta haihu a Parakou, namiji, aka mayar masa da sunan kakansa. Yaya bai bar kaki ba, bai bar lambar yabo ba. Kulkinsa yana bayan ƙofata, usur ɗin ya ɓata. Allah ya jiƙansa, ya sa can an karɓe shi ba tare da an tambaye shi inda aka haife shi ba. Inna tana goyon yaron kullum, tana ce masa "mai sunan wancan". Sau ɗayan nan ta faɗi sunan, ba ta ƙara ba.