Kod ɗin da na ba Baba ajiya

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, kowa a gidanmu ya sani. Shekarar da na kawo akwatin wifi gidanmu a Dogon Dutsi, sai da na zagaya da shi ɗaki uku kafin in samu inda rezo, wato sabis ɗin intanet, yake kamawa: saman tagar zaure, daidai inda Baba yake shimfiɗa tabarmarsa. Na sa pus, wato katin layi, na cire kod ɗin da ya zo da shi, na ƙirƙiro wani mai tsawo, haruffa da lambobi a cakuɗe, wanda ni kaina ba na iya riƙewa. Na rubuta a takarda.

A gidanmu duk abu mai daraja hannun babba ake ba ajiya. Don haka na miƙa wa Baba, ya ninke ta ya soke a hula. Na ce a raina ta samu wurin ɓuya, tunda Baba bai yi lakkol ba, bai iya karatun boko ba.

Baba tsohon mai awon hatsi ne. Tun da ƙafafunsa suka ƙi, kasuwa ta manta da shi, abokansa kuma yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Yini yake yi yana korar ƙudaje.

Ba a yi sati biyu ba rezo ya fara ja kamar jakin da aka yi wa lodi. Ina koyarwa, ina da takardun da zan aika, abu ya yi ta juyawa ba ya tafiya. In zauna, in tashi, in kashe, in kunna. Ran nan bayan la'asar na leƙa zaure, sai ga matasan 'yan kasuwa cike da tabarma, kowa ya duƙufa a kan waya. Ashe duk wanda ya durƙusa ya gaida Baba ya tambayi kod, sai Baba ya cire hula ya miƙa masa takarda. Wanda ya gaishe ka ba ka hana shi abin da ke hannunka, haka ya tashi ya gani.

Raina ya ɓaci. Na shiga na canza kod, na ɓoye sunan wifin gaba ɗaya. Takarduna suka tafi kamar ƙiftawar ido.

Kwana biyu matasan suna zuwa suna latse-latse, na uku ba wanda ya zo. Ni kuma na kasa zama. In na wuce zaure sai in ga Baba ya gyara tabarma, ya bar wuri a gefensa, yana kallon hanya. Na rasa abin da ke cina, har na tsaya na ce masa ai dama ba don shi suke zuwa ba, don wifi ne.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, ɗana. Amma kowa yaz zaka sai ya gaishe ni, ya hwaɗa mini nawa gero ya kai yau."

Kunya ta kama ni har ƙafa. Na koma ciki na mayar da tsohon kod, na buɗe sunan. Sai dai waya ba ta kamawa sai mai ita ya matso kusa, su kuwa sun riga sun canza hanya. Na ɗauko kujera na zauna gefen Baba, muka yi ta kallon hanya mu biyu.