Ganyen Sabara a Hannun Mai Unguwa

A ajin yaƙi da jahilci da nake zuwa a Tarauni, malama ta ce kowa ya rubuta abin da zai sa mutane su daina sare daji. Na rubuta cewa itace yana ba da inuwa. Ta karanta, ta ce, "Malam, gaskiya ne, amma wannan ba zai hana ni ɗaukar gatari ba."

Sai na tuna Baba, yayan mahaifina, Allah ya jiƙansa. Shi ba ya gardama. In yana so ka yarda, abu yake sa maka a hannu.

Da za a yanka ɗan kurmin bayan Hotoro a yi filaye, na raka shi wurin mai unguwa. Ya ciro ganyen sabara daga aljihu, ya murza, ya miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, sansana."

"Baba, magani ka kawo mini?"

"Da shi aka yi wa mahaifiyarka wankan jego. Jikarka fa, ina za a samo mata?"

Mai unguwa ya daɗe riƙe da ganyen. Duk da haka aka sare kurmin. Yanzu shaguna ne. In na wuce a adaidaita, ƙamshin nan yakan tare ni, alhali ko ciyawa babu.

Na yage shafin, na fara sabon rubutu da sabara. Ban san yadda ake sa ƙamshi a takarda ba, amma ina koyo. Allah ya ba Baba inuwar da ba a sarewa.