Robobin Motar Baba Tsoho

Ƴan aji, ku zo ku ji! Motar kakanmu Baba Tsoho ta tashi yau!

Kun san ta, jar nan mai kujera biyu marar rufi, wadda kaji ke ƙwai a cikinta. Kawu Sani makanike ya gyara injin, amma robobin da ke riƙe ƙafafunta sun ruɓe. Ya nema a Tasawa da Maradi, babu. Ya ce in ba a samu ba, gobe masu sayen tsohon ƙarfe za su ɗauke ta.

Na dawo daga karatu a lakkwal na tarar yana jujjuya ruɓaɓɓiyar guda a hannu. Baƙa ce, da rami a tsakiya. Ai na san ta! Kullum ina shara kusa da irinta huɗu, ƙarƙashin keken ɗinkin Kaka!

Na ce, "Kawu, leƙa ɗakin Kaka."

Ya ɗaga keken. Su ne! Ko tsagewa babu!

Baba Tsoho ya dafe kai. "Hajara! Sababbin da na ajiye, ashe ke kika ɗauke?"

Kaka ta ce, "Malam, ba kai ka ce ƙarar keke tana hana ka barcin rana ba?"

Kawu ya shafa musu sabulu, ya buga, suka zauna daram. Ya zagaya unguwa da motar, ko ƙis ƙafafun ba su yi ba. Wallahi kamar kan ruwa take tafiya!

Baba Tsoho yana gyara hula zai shiga, Kaka ta riga shi zama.

"Robobina ne, Malam. Ka jira mu dawo."